Makarantar koyon Japananci a Tokyo: aikin awa 28 zai riƙe ɗalibi kuwa?

Ɗan_Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga wanda ke zaune a Japan ko ya taɓa zama. Na yi digiri a injiniyancin lantarki, na gama bautar ƙasa, aiki kuma shiru. Wani mai haɗa wa mutane tafiya ya ce zai samo mini gurbi a makarantar koyon Japananci a Tokyo. Wai kuɗin shekarar farko kawai zan biya, aikin da zan riƙa yi bayan an tashi daga aji shi zai ɗauki haya da abinci da kuɗin shekara ta biyu, har in riƙa turo wani abu gida. Mahaifina ya ce in maganar ta tabbata zai sayar da filinsa. Abin da ya sa na kasa barci ke nan. Don Allah da gaske aikin ɗalibi yana riƙe mutum haka?

Abu_Hanan_Saitama:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ɗauko biro mu yi lissafi tare, kada ka ɗauki maganata ko tasa.

Doka ta ba ɗalibi awa 28 a mako, kuma sai da izinin da ake buga maka a bayan katin zama. Yawanci a filin jirgi ake nema, Narita ko Haneda, ranar da ka sauka. A dogon hutun makaranta ne kawai ake yarda ka yi awa 8 a rana. Mafi ƙarancin albashi a Tokyo tun Oktoban 2025 yen 1,226 ne a awa. Ka buga da 28, ka sake bugawa da mako huɗu, za ka ga wajen yen 137,000 a wata. Wannan idan ka cike awannin nan kaf, ba rashin lafiya, ba jarrabawa, ba ranar da mai wurin ya ce yau ba ciniki ka koma gida.

Yanzu fitar da kuɗi. Ɗaki a gidan haɗaka a Tokyo, ka ƙiyasta 50,000. Abinci in kana girki da kanka, 30,000. Jirgin ƙasa da waya da inshorar lafiya da wanki, wani 20,000. Kuɗin makaranta kuma galibi tsakanin 700,000 zuwa 850,000 ne a shekara, wato sai ka ajiye akalla 60,000 kowane wata. Ka haɗa ka gani. Tun ba a zo maganar aike gida ba ka riga ka shiga rami.

Sannan wa zai ba ka awa 28 a watan farko alhali gaisuwa kaɗai ka iya?

Sarkin_Yawo:
To amma Yaya, 'yan Nepal da 'yan Vietnam da suka cika makarantun nan fa? Su ma ai ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne. Yadda suke yi shi ma zai yi. Mu dai mun fiye tsoratar da juna.

Abu_Hanan_Saitama:
@Sarkin_Yawo, na yi aiki da su kafaɗa da kafaɗa a masana'antar shirya abincin kwali da dare, na san yadda suke yi. Da yawa da bashi suke zuwa. Su kwana huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya. Wasu su kama aiki biyu su wuce awa 28, suna ganin ba wanda zai sani. Ranar sabunta biza hukumar shige da fice tana iya neman takardar haraji daga ofishin gunduma da littafin banki, kuma nan asiri ke tonuwa. Na ga wanda aka hana shi sabuntawa ya tattara ya koma da bashinsa. Kuma su suna da 'yan uwansu birjik da ke nuna musu aiki da ɗaki tun ranar farko. Ɗan Gwammaja wa zai tarar?

Maman_Ilham_Osaka:
Zai tarar da mu mana, ko mu ba mutane ba ne? Hhh. Amma gaskiya Abu Hanan bai ƙara gishiri ba. Abin da zan ƙara shi ne maganar halartar aji. A nan ba a wasa da ita ko kaɗan. Ana kiran suna kowace darasi, makara sau kaza a mayar maka da ita fashi. In ka sauka ƙasa da kashi 80 cikin ɗari ka shiga matsala wajen sabunta biza, kuma jami'o'i da masu ba da tallafi sun fi son su ga 90 zuwa sama. Wanda ya kwana yana tsaye a masana'anta, ya zo aji ƙarfe tara yana gyangyaɗi, jikinsa ne kawai ya halarta. Shekara biyu ta wuce, kanji, wato haruffan Japananci da aka aro daga China, bai zauna ba.

Bature_Baƙi:
Ni na ji ai Japan ta ware wa 'yan Najeriya gari guda, har da biza ta musamman. Me zai sa ya sayar da fili? Ya bi ta can mana.

Malam_Bala_Samaru:
@Bature_Baƙi, wannan labari ya mutu tuntuni, amma har yanzu yana yawo a WhatsApp. Abin da ya faru shi ne, a taron TICAD na Japan da ƙasashen Afirka karo na 9 da aka yi a Yokohama a watan Agustan 2025, hukumar JICA, mai kula da tallafin Japan ga ƙasashen waje, ta haɗa garuruwa huɗu na Japan da ƙasashen Afirka huɗu don musayar al'adu: Kisarazu da Najeriya, Sanjo da Ghana, Nagai da Tanzaniya, Imabari da Mozambik. Sai wata sanarwa ta fito daga ɓangaren gwamnatin Najeriya tana cewa za a ƙirƙiro biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta musanta, aka gyara sanarwar, mutanen garuruwan suka yi ta kiran ofisoshin gundumominsu cikin fushi, a watan Satumba JICA ta janye shirin baki ɗaya. Babu gari, babu biza. Duk wanda ya zo maka da maganar Kisarazu yana neman kuɗi, ka riƙe aljihunka.

Bature_Baƙi:
Ikon Allah. To na gode Malam, ni a nan na tsaya da labarin.

Malam_Bala_Samaru:
Shi kuma ɗana mai tambaya, tunda kana da digiri, me ya hana ka fara gwada ƙofofin da ba sa cin fili? Akwai tallafin gwamnatin Japan da ake kira MEXT. Ofishin jakadancinsu da ke Abuja ne ke tallata shi, yawanci wajajen Afrilu zuwa Mayu. Wanda ya samu na bincike ko digiri na biyu, an ɗauke masa kuɗin makaranta da tikitin jirgi, ana kuma ba shi sama da yen 140,000 a wata, kuma mai buƙata ana ba shi wata shida na koyon harshen kafin ya shiga karatu. Akwai kuma shirin ABE da aka sanar a TICAD ta 2013, na digiri na biyu haɗe da sanin makamar aiki a kamfanonin Japan. Gurbin kaɗan ne, gasar da zafi, ban ce da sauƙi ba. Amma cike takarda ba ya cin filin mahaifinka.

Injiniya_Nagoya:
Ina girmama Malam, amma bari in tsaya wa makarantar harshe, don na ga an taru an danne ta. Ta nan na bi, kuma yau ina aiki a kamfanin da ke yin kayan motoci a yankin Aichi. Mutum nawa MEXT ke ɗauka daga Najeriya a shekara? Sauran fa, su zauna jiran tsammani?

Ɗan Gwammaja yana da abin da yawancin 'yan ajinsa ba za su zo da shi ba: digiri a fannin da ake nema. Bizar aikin injiniya tana karɓar digirin waje, ba sai na Japan ba. Abin da ya rage masa harshe ne. In ya kai matakin N2 a jarrabawar ƙwarewar Japananci ta JLPT (N5 ne na farko, N1 ƙololuwa), ya iya zama a gaban masu ɗaukar aiki ya yi bayanin kansa, zai iya sauya bizar ɗalibi zuwa ta aiki ba tare da ya dawo gida ba. Japan tana tsufa, ma'aikata suke nema da gaske. Wanda ke shan wuya shi ne wanda ya zo da sakandare kawai, don shi dole in ya gama ya sake biyan kuɗin makarantar koyon sana'a ko jami'a, ko ya bi ta bizar ma'aikata da aka ƙirƙiro a 2019 mai neman N4 da jarrabawar sana'a.

Inda na yarda da Abu Hanan ɗari bisa ɗari: ka zo da kuɗin da zai riƙe ka. Aikin gefe na cefane ne da haya.

Abu_Hanan_Saitama:
To ai ba mu saɓa ba Injiniya. Ban ce kada ya zo ba. Cewa na yi lissafin mai haɗa tafiyar ƙarya ne.

Injiniya_Nagoya:
Mun saɓa kaɗan. Kai Tokyo ka yi wa lissafi. Wa ya ce dole sai Tokyo? A Fukuoka ko Sendai ko nan Nagoya haya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Albashin ma ya ɗan yi ƙasa, na sani, amma mutum da keke zai iya zuwa makaranta ya huta da kuɗin jirgi.

Zainabu_Kanji:
Ku bari in yi maganar karatun kansa, tunda kowa kuɗi yake ta ƙirgawa. Daga sifili zuwa N2 cikin shekara biyu mai yiwuwa ne, amma ba da awannin aji kaɗai ba. Aji rabin yini ne, ko safe ko rana, kamar awa uku da rabi. Haruffan sauti na hiragana 46 da katakana 46 za ka haddace cikin 'yan makonni. Kanji ne dutsen. Jerin na yau da kullum da gwamnati ta fitar a 2010 guda 2,136 ne, N2 tana son wajen dubu, kuma mafi yawansu karatu biyu ko fiye gare su. 'Yan China da ke ajinku sun taso da haruffan nan, za su wuce ka fuu a karatu, kada ya karya maka gwiwa.

Inda mu ke da sa'a shi ne furuci. Wasulansu biyar ne irin namu, suna bambance dogon wasali da gajere, suna da baƙi mai nauyi, kuma duk kunnen Bahaushe ya saba da wannan. Malamarmu takan sa ni in maimaita jimla don Turawan ajin su ji. Sai dai aikatau ne ke zuwa ƙarshen jimla, sai ka jira mutum ya kai aya kafin ka san ya yi ko bai yi ba. Sai kuma harshen girmamawa, keigo, wanda ko su Japanawan sai sun shiga aiki suke goge shi.

Shawarata, kada ka hau jirgi ba ka iya karanta hiragana ba. Dama makarantu da yawa za su nemi shaidar ka yi awa 150 na karatu ko kana da N5. Japan Foundation na da darussan Irodori kyauta a intanet. Ka fara yau, ka ga ko ranka ma yana son harshen. In wata uku a ɗakinka na Gwammaja ya gundure ka, to ka gane wa kanka.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum. Ni daga Zinder nike, ina bin zancen. Mu na Nijar ina za mu kai takardunmu? Kuma nawa kuɗin ke kamawa da sefa?

Malam_Bala_Samaru:
@Ɗan_Damagaram, ofishin jakadancin Japan da ke Abidjan ne ke kula da Nijar, ta can za ka nemi bayani. Canji kuma yana motsi kullum, amma a ƙiyasi ka ɗauki yen ɗaya kusan sefa huɗu, a naira kuma wajen goma. Kuɗin makaranta na yen 800,000 ya kai wajen sefa miliyan uku ke nan, ban da jirgi da haya.

Alhaji_Tsoho:
Ni ba boko na yi ba, jikana ne ya sa ni a zauren nan. Duk na ji lissafinku na yen. Ba wanda ya ce yaron nan ina zai yi salla, me zai ci. Ƙasar da na ji ƙona gawa suke yi.

Maman_Ilham_Osaka:
Baba, tambayarka tana kan hanya. Gaskiya ne kusan kowa a nan ƙona shi ake yi, kuma maƙabartun Musulmi 'yan kaɗan ne a duk ƙasar, abin yana damun al'umma. Amma masallatai akwai. Na birnin Kobe tun 1935 yake tsaye, ya tsallake yaƙi ya tsallake girgizar ƙasar 1995. A Tokyo akwai babban masallacin Turkawa a Yoyogi-Uehara, akwai na Otsuka, ga ƙanana a benaye da 'yan Pakistan da Bangladesh da Indonesiya suka buɗe. Juma'a ce ke son dabara: mai ajin safe yana iya tashi ya ruga ya samu, mai ajin rana kuwa sau da yawa lokacin ya ci karo. Ya roƙi ajin safe tun wajen rajista, ko da yake wasu makarantun matakinka ne ke zaɓa maka.

Abinci kuma sai an sa ido. Naman alade da romonsa da kitsensa suna shiga abubuwan da ba ka zata ba, har burodi da alewa, ga giyar girki da suke zubawa a miya. Harafin alade yana cikin kanjin farko da kowane Musulmi ke haddacewa, tun kafin malami ya zo kansa. A unguwar Shin-Okubo ta Tokyo akwai layin shagunan halal, kuma kantunan Gyomu Super na sayar da kajin Brazil masu tambarin halal da araha. Ni da garin semolina nake tuƙa tuwo, kuɓewa kuwa suna cinta sosai, ko'ina akwai. Daddawa da kuka dai sai an aiko.

Alhaji_Tsoho:
To madalla. Allah ya tsare muku imaninku, 'yata.

Sarkin_Yawo:
Anti, kuka har Japan? Hhh. Kwastan ba sa kamawa?

Maman_Ilham_Osaka:
Kilishi ne ba a shiga da shi, nama kowane iri an hana, kuma karnukansu na filin jirgi ba sa kuskure. Kayan ganye kuma ka nuna musu su duba, kada ka ɓoye.

Bawan_Allah_Kumasi:
Ni ma zan sa baki kan aiki. A kantin awa 24 na yi, irin waɗanda suke kira konbini. Nan ne harshe ke buɗewa, don kana magana da mutane duk yini, amma ba sa ɗaukarka sai ka kai kamar N4 ko N3. Kuma a sani, za ka sayar da giya da naman alade a kan kanta. Wasu 'yan uwa saboda haka suke zaɓar rarraba kaya a rumbun aike ko gyaran ɗakunan otal. Kowa ya tambayi malaminsa ya tambayi zuciyarsa. Mashaya irin ta dare da gidan caca na pachinko kuwa doka ma ta hana ɗalibi, ko shara ce.

Ɗan_Gwammaja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta komai har sau biyu. Na koma wa mutumin da lissafin Yaya Abu Hanan, sai ya ce ai kowa yana wuce awa 28, ba a kamawa. Na tambaye shi sunan makarantar, ya ce sai na fara biyan rabin kuɗin a asusunsa, don wai gurbin Afrilu na gab da cikewa.

Abu_Hanan_Saitama:
A asusunsa? To an zo wurin. Saurara ka ji yadda tsarin yake. Kai ne ke neman makaranta, kuma yawancinsu suna da shafi da adireshin imel, suna amsa Turanci. Ka aika takardu da ɗan kuɗin dubawa, yen 20,000 zuwa 30,000. Makarantar ce ke kai takardunka hukumar shige da fice a can Japan ta nemo maka takardar cancanta, COE. Wannan na ɗaukar wata biyu zuwa uku. Sai ta fito ake biyan kuɗin makaranta, kuma a asusun makarantar. Daga nan ka kai ta ofishin jakadanci a buga biza. Ana shiga a Afrilu da Oktoba, wasu har Yuli da Janairu, kuma ana fara shiri kamar wata shida kafin lokacin. In Afrilu ta wuce Oktoba na nan, ba gudu ake ba.

Za su nemi wanda zai ɗauki nauyinka, da shaidar kuɗinsa a banki, galibi abin da ya kai yen miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu, da bayanin inda kuɗin suka fito. Kuɗin da aka zuba jiya don a ɗauki hoto suna ganewa. In aka kama takardar bogi, sunanka ne ya ɓaci, ba na dillali ba.

Zainabu_Kanji:
Kuma ka binciki makarantar da kanka. Ba duka ne na kirki ba. A 2021 an yi wata a Fukuoka da ma'aikacinta ya ɗaure wani ɗalibi ɗan Vietnam da sarƙa da kwaɗo saboda yana son sauya makaranta, har hukuma ta ɗauki mataki a kanta a 2022. Tun Afrilun 2024 akwai sabuwar doka da ta mayar da tantance makarantun harshe hannun ma'aikatar ilimi, malamai ma yanzu da rajistar gwamnati. Ka tambaye su ɗalibai nawa suka ci N2 bara, waɗanda suka gama ina suka tafi, 'yan wace ƙasa suka fi yawa a aji. Makarantar da ta fi yi maka tallan aikin gefe fiye da karatu, ka san abin da take sayarwa.

Injiniya_Nagoya:
Dillalin nan dai a bar shi, a nan duk mun haɗu. Amma ina nan kan bakana, fili ba ya ba da albashi. In kuɗinsa zai biya shekara biyu cif har da ragowa, ni da zan ce a sayar.

Malam_Bala_Samaru:
Injiniya, kai ka dace, Allah ya ƙara. Sai dai waɗanda ba su dace ba ba sa shigowa zaure su ba da labari. Filin dattijo ne, kuma bai gaya mana ko yana da ƙanne ba. Ya nemi MEXT a wannan zagayen yana karatun N5 a gida. In bai samu ba, ya shiga Oktoba da ɗan harshensa a baki, lissafin Abu Hanan ma zai ɗan sassauta tunda zai samu aiki da wuri.

Ɗan_Gwammaja:
Ƙanne biyar ne Malam, biyu suna jami'a. Zan zauna da Baba da daren nan in karanta masa duka. Na sauke Irodori ɗin, Anti Zainabu.

Ɗan_Damagaram:
Ni kuma lisans ɗina, wato digirina, da Faransanci take. Sai an fassara takardun zuwa Japananci, ko Turanci ya isa?

Zainabu_Kanji:
@Ɗan_Damagaram, hukumar shige da fice tana son fassarar Japananci a haɗe da takardun. Wasu makarantun suna yi maka in ka kawo ta Turanci, wasu su caje ka. Ka tambaye su tun a imel ɗin farko, ka kuma tambaya ko suna karɓar ɗalibai daga Nijar, don ba kowace ke karɓar kowace ƙasa ba.